Kayan Ɗakin Sarauniya Hetefheres: Darasi Daga Wani Kabari na Tsohuwar Masar

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci zinariya da kaburburan sarakunan Masar, sunan da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne Tutankamun, yaron sarkin nan da Howard Carter ya gano kabarinsa a shekarar 1922. To amma shekara uku bayan wannan, an sake gano wani kabarin a Giza, wanda ya girmi na Tutankamun da fiye da shekara 1,200. A cikinsa aka sami gado da kujeru da rumfar barci, duk an lulluɓe su da zinariya. Mai kayan ita ce Sarauniya Hetefheres ta ɗaya, mahaifiyar Sarki Kufu wanda ya gina babbar dalar Giza.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana ko wace ce wannan sarauniya, da yadda aka gano kabarin nata, da irin kayan da aka tarar, da kuma taƙaddamar da ta biyo baya a tsakanin masana. Daga ƙarshe za a dubi abin da ɗalibin harshe zai ƙaru da shi, domin kayan ba kurame ba ne, akwai rubutu a jikinsu, kuma harshen da aka yi rubutun da shi dangin Hausa ne na nesa. Fatarmu ita ce 'yan'uwa ɗalibai su lura da abu guda tun daga farko har ƙarshe, wato bambancin da ke tsakanin abin da hujja ta nuna da abin da mai bincike ya ƙaga don ya cike giɓi.

2.0 Wace ce Hetefheres?

Hetefheres ta rayu wajen shekara 2,600 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a farkon gidan sarauta na huɗu, cikin zamanin da masana tarihi ke kira Tsohuwar Daula. Mijinta shi ne Sarki Sineferu, wanda ya kafa wannan gida. Sineferu gwanin gini ne, domin shi ya gina Lanƙwasasshiyar Dala da Jar Dala a Dahshur, kuma ana danganta masa aikin dalar Maidum. Ɗansu Kufu ne ya gaje shi, ya kuma gina dalar da tsayinta ya kai kimanin mita 146 a lokacin da aka gama ta.

Daga cikin laƙabobin da aka rubuta a kan kayanta akwai wanda ya kira ta uwar sarkin Masar ta Kudu da ta Arewa, da wanda ya kira ta 'yar abin bauta ta cikinsa, da kuma wanda ke nuna cewa duk abin da ta furta sai an aiwatar mata. Saboda laƙabi na biyun ne masana da yawa suke ganin ita 'yar Sarki Huni ce, wato sarkin ƙarshe na gidan sarauta na uku. Idan haka ne, to ita ce igiyar da ta ɗaure gidajen sarautar biyu. Sai dai mai karatu ya lura, rubutun bai ambaci sunan Huni ba. Hasashe ne mai ƙarfi, amma hasashe ne.

Wani abin mamaki shi ne, Kufu mai babbar dala, ba a sami komai a ɗakin kabarinsa ba sai akwatin dutse wayam. Cikakken mutum-mutumin da aka tabbatar nasa ne ɗan ƙarami ne na hauren giwa, tsawonsa bai kai santimita 8 ba, wanda aka tono a Abidos a 1903. Saboda haka kayan mahaifiyarsa su ne babbar tagar da ake leƙa rayuwar cikin fadarsa ta ciki.

3.0 Yadda Aka Gano Kabarin

A farkon ƙarni na 20, wata tawagar haɗin gwiwa ta Jami'ar Harvard da Gidan Adana Kayan Fasaha na Boston ta daɗe tana tono a Giza a ƙarƙashin jagorancin wani Ba'amurke, George Reisner. A watan Fabrairu na 1925, Reisner yana Amurka, sai mai ɗaukar hoton tawagar, wani Bamisire mai suna Mohamedani Ibrahim, ya je kafa ƙafar kyamararsa a gabas da babbar dala. Nan ya lura da wani farin shafe na filasta a kan dutse, inda bai kamata a ce akwai shi ba. Da aka kankare shafen sai aka ga matakala, ƙarƙashinta kuma ga bakin wani rami da aka cike da duwatsun gini.

Ramin ya nutsa ƙasa kimanin mita 27. Babu wani gini a samansa, babu ɗakin ajiye hadaya, babu wata alama da za ta nuna wa mai wucewa cewa akwai kabari a wurin. A kan hanyar sauka an tarar da wani ɗan loko a jikin bango wanda aka ajiye ƙasusuwan sa da tuluna a ciki. A watan Maris na wannan shekara aka kai ga ɗakin da ke ƙasa. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tsawonsa bai fi mita 5 da 'yan kai ba, fāɗinsa bai kai mita 3 ba, kuma ba a gama sassaƙe bangonsa ba. Da aka haska fitila sai ga farin akwatin gawa na dutsen alabasta, ga sanduna masu rufin zinariya a kansa, ga kuma ƙasa ta cika maƙil da fallayen zinariya da fasassun tukwane. Da yake sunan da aka fara iya karantawa na Sineferu ne, sai labari ya bazu cewa an gano kabarin sarkin da kansa. Reisner ya aiko da umarni a rufe ramin har sai ya dawo. Masana suka yi wa kabarin lamba G 7000X, kuma da ita aka san shi har yau.

Aikin kwashe kayan ya fara ne a farkon 1926, bai ƙare ba sai a 1927. Dalilin jinkirin shi ne katakon kayan ya riga ya ruɓe, wani ya zama gari kamar toka, wani ya motse. Abin da ya rage shi ne zinariyar da aka lulluɓe katakon da ita, da 'yan ƙananan duwatsun ado da suka zubo suka kwanta a ƙasa. Da a ce an sa hannu an tattara su cikin kwando, da an sami zinariya mai nauyi, amma da an yi asarar kujera da gado har abada. Abin da Reisner da mataimakinsa Dows Dunham da ma'aikatansu Misirawa suka yi shi ne, kafin a ɗaga kowane ɓallen abu sai an zana inda yake kwance, an ɗauki hotonsa, an ba shi lamba. A haka suka cika shafuka fiye da dubu na bayanai, suka ɗauki hotuna fiye da dubu, a cikin ɗakin da mutum biyu ko uku kaɗai ke iya aiki a lokaci guda. Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa. Da waɗannan bayanai ne daga baya aka sassaƙa sabon katako daidai da awon tsohon, aka mayar da zinariyar asali a kansa. William Stewart ne ya fara wannan gyara, daga baya kuma Ahmed Youssef, Bamisiren da ya shahara da harhaɗa jirgin ruwan Kufu, ya sa hannu a aikin. Reisner ya rasu a 1942, sai William Stevenson Smith ya kammala cikakken rahoton kabarin, aka buga shi a 1955.

4.0 Kayan da Aka Tarar

4.1 Rumfar barci

Wannan ita ce mafi girma a cikin kayan. Firam ne na katako mai rufin zinariya, tsawonsa kimanin mita 3.2, fāɗinsa mita 2.5, tsayinsa kuma mita 2.2. Yana da ginshiƙai a kusurwoyi, da siraran sanduna a gefe uku, da wasu a sama a matsayin rufi. Gaba a buɗe take. An sanya 'yan ƙugiyoyi a jikin katakon sama domin rataya labule, ko don sirri ko don kare sauro. Inda katako ke shiga cikin katako an yi masa riga da jan ƙarfe, domin kada ya cinye saboda yawan harhaɗawa da kwancewa. Wannan ya nuna rumfar ta tafi-da-gidanka ce, ana kwance ta a ɗaure, idan an isa masauki a sake kafawa. A jikin ginshiƙan ƙofa an buga sunaye da laƙabobin Sineferu a kan zinariyar, abin da ya sa ake ganin kyauta ce daga miji zuwa ga matarsa. Tare da ita akwai wani dogon akwati mai ado, shi ma da sunan Sineferu, wanda ake ganin a cikinsa ake ninke labulen.

4.2 Gado da matashin kai

Gadon bai cika mita 2 ba. Ƙafafunsa an sassaƙa su kamar ƙafafun zaki, kuma na wajen kai sun fi na wajen ƙafa tsawo, saboda haka gadon a gangare yake. Allon jingina yana wajen ƙafa ne, ba wajen kai ba, kuma an yi masa ado da 'yan ƙananan gutsattsarin tangaran masu launi. Maimakon filo, akwai matashin kai na katako mai siffar jinjirin wata a bisa ɗan ginshiƙi, an rufe shi da zinariya da azurfa. Irin wannan matashi ana samun sa har yau a wurin wasu makiyaya na gabashin Afirka.

4.3 Kujeru biyu masu hannu

Kujera ta farko gajera ce mai fāɗi, ita ma da ƙafafun zaki. A ƙarƙashin kowane hannunta an sassaƙa furannin ciyawar fafiras guda uku an ɗaure su wuri ɗaya. Ta biyun ta fi ado nesa ba kusa ba, domin a hannuwanta akwai shaho ya buɗe fikafikai, a bayanta kuma akwai alamomin wata abar bautarsu da ake kira Nit. Ita wannan ta lalace ƙwarai har ba a iya tayar da ita ba a zamanin Reisner, sai a takarda kawai aka zana yadda take. Sai kusan shekara 90 bayan gano ta, masu binciken Giza na Jami'ar Harvard ƙarƙashin Peter Der Manuelian suka yi amfani da kwamfuta da injin sassaƙa suka ƙera kwatankwacinta, aka baje kolinta a 2016. Abin lura a nan shi ne, tsofaffin bayanan 1926 ne suka dogara da su. Rubutun da aka yi da kyau ba ya tsufa.

4.4 Kujerar ɗauka

Wannan kujera ce marar ƙafafu wadda ke kan dogayen sanduna biyu, ƙarti su saɓa a kafaɗa. Mai zama kan zauna ne a ƙasa-ƙasa, gwiwoyinta a tashe. An rufe gefunan kujerar da zinariya, bakin kowace sanda kuma an yi masa kan zinariya mai siffar ganyen dabino. A jikin majinginar an kafa sirara-siraran allunan baƙin katako mai tauri, wanda Misirawan da ke kira hebeni, sannan aka dasa haruffan zinariya ɗaya bayan ɗaya a cikinsu. Waɗannan haruffa su ne suka bayyana sunan mai kabarin da laƙabobinta. Tunda sun kira ta uwar sarki, ke nan an ƙera kujerar ne bayan ɗanta ya hau gadon sarauta.

4.5 Mundaye da kayan kwalliya

A cikin wani akwati mai rufin zinariya an sami mundayen azurfa. Asalinsu guda 20 ne, kowace ta ɗan fi 'yar'uwarta fāɗi domin a jera su daga wuyan hannu zuwa sama. An yi musu ado da hoton malam-buɗe-littafi, wanda aka tsara da duwatsu masu daraja: shuɗi mai duhu, da tsanwa-tsanwa, da ja. Ban da su akwai ƙananan kwanonin zinariya, da asake da wuƙaƙe na zinariya da na jan ƙarfe, da abin gyaran farce, da 'yan tandayen alabasta na man shafawa, da buta da tasar wanke hannu na jan ƙarfe, da tukwane masu yawa, da ragowar yadin lilin da ya ruɓe.

5.0 Daga Ina Kayan Aikin Suka Fito?

Idan muka dubi kowane abu muka tambayi asalinsa, sai taswirar kasuwancin wancan zamani ta bayyana. Zinariya dai Masar tana da ita a hamadar gabas da ƙasar Nubiya. Jan ƙarfe da dutsen nan mai launin tsanwa-tsanwa ana haƙo su a yankin Sina'i, inda aka samo zanen Sineferu a jikin duwatsun Wadi Magara. Baƙin katako daga kudu yake zuwa. Shuɗin dutse mai duhu kuwa, babbar mahaƙarsa a duniyar da tana Badakshan, a arewa maso gabashin Afganistan ta yau, wato sai ya ratsa hannaye da yawa kafin ya iso bakin Nilu. Ita Masar ba ta da dogayen itatuwan katako, shi ya sa take shigo da su ta tashar Bibilos da ke gaɓar Lebanon. Tsohon allon tarihin sarakuna da aka fi sani da Dutsen Falermo ya ambaci zuwan jiragen ruwa 40 cike da katako a zamanin Sineferu, kuma mafi yawan masana suna ɗauka itacen al'ul ne na Lebanon.

Azurfa ita ce ta fi ɗaure kai. A wancan zamani ta fi zinariya wuyar samu a Masar, saboda haka mundaye 20 na azurfa ba ƙaramar dukiya ba ce. A 2023 wasu masu bincike ƙarƙashin Karin Sowada suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa ɓurɓushin dalmar da ke cikin azurfar. Gwajin ya nuna cewa ta fi dacewa da ma'adinan tsibiran Saikiladis na ƙasar Girka ta yau. Suna ganin ta hanyar Bibilos ta iso Masar. Ke nan tun kafin a gama babbar dala, akwai hanyar ciniki, ko da ta 'yan tsakiya ce, da ta haɗa fadar Masar da tsibiran tekun Girka.

6.0 Ina Gawar Take?

Ranar 3 ga Maris, 1927, aka tara manyan baƙi a ƙarƙashin ƙasa domin buɗe akwatin alabasta. Aka ɗaga murfi, sai aka ga babu komai a ciki. Bayan haka aka buɗe wani loko da aka toshe a jikin bango, aka sami wani ƙaramin akwatin alabasta mai gida huɗu. A cikinsa akwai ƙunshe-ƙunshen kayan cikin mamaciya, wasu ma har lokacin suna jiƙe cikin ruwan kanwa, bayan shekara fiye da 4,500. Wannan yana cikin tsofaffin shaidun da ke nuna cewa Misirawa suna cire kayan ciki idan za su adana gawa. To ga kayan ciki, ga kayan ɗaki, ga rami a toshe ba wanda ya taɓa shi. Ina gawar?

Reisner ya ce asalin kabarin yana Dahshur kusa da dalar mijinta. A ganinsa ɓarayi ne suka fasa shi, suka ɗauke gawar don kayan adon da ke jikinta. Manyan fada suka ji tsoron gaya wa Kufu gaskiya, sai suka kwaso sauran kayan suka binne su a ɓoye a Giza. Hujjojinsa su ne: an ga alamun ɓantarewa a bakin murfin akwatin kamar an sa ƙarfe an ɓanɓare shi, kayan an jibge su cikin gaggawa, kuma ɗakin ya yi musu kaɗan. Labarin yana da daɗin ji, har ya shiga littattafai da yawa kamar tabbataccen tarihi. Amma ba a taɓa gano wancan kabari na Dahshur ba, kuma babu wani rubutu da ya ambaci fashin.

A 1985 Mark Lehner ya kawo wata fahimtar. Ya ce tun farko a nan Giza aka binne ta, da niyyar a gina mata ƙaramar dala a saman ramin. Da tsarin ginin ya canza, sai aka gina dalar a ɗan gaba, aka mayar da gawar can da sababbin kaya, aka bar tsofaffin inda suke. Shi kuma Zahi Hawass yana ganin a ɗaya daga cikin ƙananan dalolin da ke gefen ta Kufu aka binne ta, daga baya da aka shiga zamanin rikici aka kwaso kayan aka ɓoye su a wannan rami. Akwai ma masu ganin cewa ramin ba kabari ba ne tun asali, ma'ajiya ce ta kayan da aka yi hidimar jana'iza da su.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyi ya warware wani ƙulli ya bar wani. Misali, idan an mayar da gawar wani wuri cikin girmamawa, me ya sa aka bar kayan cikinta a baya? Idan kuma ɓarayi ne, me ya sa suka bar zinariya da azurfa mai yawa haka? Darasin da ke nan shi ne, bayanan da Reisner ya rubuta na abin da idonsa ya gani suna nan daram, har masu sukarsa da su suke kafa hujja. Labarin da ya ƙaga kuwa shi ne ya fara girgiza.

7.0 Abin da Ɗalibin Harshe Zai Ƙaru da Shi

7.1 Rubutu da furuci

Rubutun zane na Misirawa, wanda Bafaranshen nan Champollion ya gano makullinsa a 1822, baƙaƙe kawai yake nunawa, ba ya nuna wasula. Wanda ya taɓa karanta ajami marar wasali ya san irin wannan wahala. Sunan sarauniyar a rubuce kusan haka yake: htp-hr-s. Masana ne suke cusa wasalin "e" a tsakani don a iya furtawa. Saboda haka babu tabbacin cewa da za a kira ta da sunan yadda muke faɗarsa za ta waiwayo. Mu kuma a nan mun mayar da "p" ta zama "f" bisa tsarin sautin Hausa. Sunan jimla ce guda: kashi na farko yana nufin natsuwa ko yarda, na biyu fuska, na uku kuma wakilin suna ne na mace. Ma'anarsa ta yi kusa da "fuskarta ta natsu".

Haka kuma akwai wata al'ada ta girmamawa a rubutunsu. Idan za a rubuta "uwar sarki", sai a fara rubuta kalmar sarki, ko da yake a baki uwa ce ke zuwa farko. Wato tsarin rubutu ya saɓa wa tsarin magana saboda ladabi. Wani abin kuma, kalmar "Fir'auna" ta samo asali ne daga kalmomi biyu masu nufin "babban gida", wato fada. Sai bayan fiye da shekara dubu da zamanin Kufu aka fara kiran sarkin kansa da ita, kamar dai yadda Bahaushe zai ce "fada ta hana" yana nufin sarki.

7.2 Dangantaka da Hausa

Harshen tsohuwar Masar reshe ne na babban gidan harsunan Afro-Asiya. Sauran rassan su ne na Semitik, inda Larabci da Ibrananci suke, da na Berber, da Kushitik, da Omotik, da kuma Cadi, inda Hausa take. Joseph Greenberg ne ya daidaita mafi yawan wannan rabo a shekarun 1950, ya kuma ƙarfafa shi a littafinsa na 1963. Ga kaɗan daga abubuwan da masana kan kwatanta:

(a) Harafin "t" alamar mace ne a Misiranci. A Hausa ma muna da "ta" da "ita", kuma "-r" ta "rigar Audu" daga "t" ta samo asali.

(b) Mahaɗin mallaka a Misiranci "n" ne ga namiji, "nt" ga mace. A laƙabin nan na 'yar abin bauta ta cikinsa, "nt" aka yi amfani da ita domin mai laƙabin mace ce. Kwatanta da "na" da "ta" na Hausa.

(c) Ɗafa-ƙeyar "-k" tana nufin "naka", kamar "-ka" a "gidanka".

(d) Kalmar "fdw" tana nufin huɗu, "mwt" kuma tana nufin mutu.

Sai dai a yi hattara. Wakilin sunan nan "-s" da ke ƙarshen sunan sarauniyar na mace ne, alhali "-sa" ta Hausa ta namiji ce. Kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne, sai an bi ƙa'idojin sauye-sauyen sauti an ga sun yi daidai a kalmomi masu yawa. Bugu da ƙari, dangantakar ba ta nufin Hausa daga Misiranci ta fito, ko Hausawa jikokin Fir'auna ne, kamar yadda akan ji a bakin wasu. Abin da take nufi shi ne harsunan biyu kakansu ɗaya, kuma sun rabu tun dubban shekaru kafin a haifi Hetefheres. Wanda ya tsallake wannan iyaka ya faɗa ramin da Reisner ya faɗa, wato ya ɗora dogon labari a kan gajeriyar hujja.

7.3 Matsalar fassara

Wanda zai rubuta wannan batu da Hausa dole ya yi zaɓe. Abin da muka kira "rumfar barci", wani zai ce alfarwa, wani ya ce gidan sauro. Rumfa ta nuna firam ɗin amma ba ta nuna labule ba, gidan sauro ya nuna amfani amma ya rage masa daraja. "Kujerar ɗauka" ƙirƙira ce, domin amuku na yadi ne, makara kuma ta gawa ce, saboda haka duk ba su dace ba. Amma a wani wurin Hausa ba ta buƙatar aro ko kaɗan: gishirin da Misirawa ke busar da gawa da shi kanwa ce, kuma kalmar ta zauna daidai. Hatta kan maganar wannan maƙala, "kayan ɗaki", yana iya sa mai karatu ya zaci kayan aure ne da iyaye suka yi wa amarya, alhali rubutun jikinsu sunan miji da laƙabin uwar sarki ya nuna. Ƙa'idar ita ce, a fara neman kalmar gida, idan babu a siffanta abin a sauƙaƙe, aro kuma ya zo a ƙarshe.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yadda wani farin shafe a kan dutse ya kai ga gano kayan fada mafi cika da suka rage daga Tsohuwar Daular Masar. Mun ga cewa haƙurin masu tono da kyawun bayanansu ne suka mayar da tarin toka da fallayen zinariya suka koma gado da kujeru. Mafi yawan asalin kayan suna ƙasar Masar, akwai kuma kwatankwacin wasunsu a Boston. Mun ga inda aka samo kayan aikin, daga Nubiya har zuwa Afganistan da tsibiran Girka. Batun gawar kuwa har yanzu masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Ga ɗalibin da zai fita karkara tattara karin harshe ko waƙoƙin baka, shawarar ita ce ya rubuta abin da kunnensa ya ji daidai yadda ya ji shi, da wuri da rana, sannan ya ware nasa sharhin a gefe. Sharhin yana iya faɗuwa gobe, amma wani zai zo ya amfana da bayanan.

Jinga

1. Kawo hujjoji biyu da Reisner ya dogara da su, sannan ka nuna raunin kowace.
2. Me ya sa ake cewa kujerar ɗauka ta fi rumfar barci ƙuruciya?
3. Kawo misalai biyar na mahaɗin "-n" da biyar na "-r" a Hausa, ka bayyana abin da ke sa a zaɓi kowane.
4. Ba da taka kalmar a madadin "rumfar barci" da "kujerar ɗauka", tare da dalilanka.